Yadda Lala Samandar Ya Gyara Bindigar Kakanmu

Ku zuba mini shayi tukuna, labarin Lala Samandar ba a ba da shi da busasshen maƙogwaro. Wanda kuma zai yi dariya ya yi tasa a hankali, don ni abin a kaina ya ƙare.

Samandar ɗan wan babana ne, ya girme ni da shekara huɗu, shi ya sa nake ce masa Lala, wato yaya, ko da raina ba ya so. Shekara ashirin ya yi yana jan gingimari tsakanin Kohat da Karachi, ya dawo mana da tumbi, da gashin baki kamar ƙahon rago, da kuma baki. Kai, bakin nan! A faɗarsa ya taɓa hawa tudun Kohat da baya da baya, mota cike da siminti, yana aske gemu da hannu ɗaya. Babu abin da bai iya ba. Ya taɓa gyara rediyon limaminmu, tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba, ya ce ai gara haka, labaran nata duk ƙarya ne.

Da baffana ya rasu, bindigar gidanmu ta koma hannunsa, tunda shi ne babba. Tsohuwar bindigar sojan Ingila ce, mai sakata, wadda ake ja a tura bayan kowane harbi. Katako ne tun daga gindi har baki, ya yi baƙi ƙirin saboda shafar hannu. Kakanmu ne ya ƙwato ta a wani kwazazzabo yana saurayi. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, ga nauyi kamar taɓarya, amma inda ka nuna mata nan take zuwa.

To, tsakaninmu 'yan Gangare da mutanen Tudu akwai tsohuwar al'ada. In kun je ɗaukar amarya, sai su kafa ƙwai a kan dutse can tsallaken rafi, su ba gidan ango harbi bakwai, da bindigar gidan, a hannun babban gidan. In kun fasa, ku ci shinkafa ku tafi da amaryarku. In kun kasa, ku ɗauki doli, ɗan gadon nan mai rumfa da ake ɗaukar amarya a kafaɗa, ku koma da shi wayam sai baɗi bayan girbi, kuma a bi ku da waƙa har rafi. Tunda bindigar nan ta shigo gidanmu ba ta taɓa kai harbi na uku ba. Ga shi saura kwana goma sha biyu bikin ɗana Baryal da Wagma, 'yar Malik Zargul na Tudu, mutumin da sai da na yi sawu tara kafin ya ce to, kuma ko da ya faɗa, gefe yake kallo.

A irin wannan lokaci ne Samandar ya shigo hujra, zaurenmu na maza, ya shimfiɗe bindigar a kan tabarma tsakanin kofunan shayi.

"Redi Gul, ka san abin da ke damun tsohuwar nan?"

Na ce, "Babu abin da ke damunta, Lala."

"Ƙauyanci! A Karachi na ga ta wani attajiri, ita ma asalinta irin wannan ce. An rage mata baki, an fere katakon, an ɗora mata tabarau mai jawo nesa. In ka leƙa, sai ka ƙirga gashin idon bunsurun dutse daga nan. Kwana uku ya ishe ni."

Na ce, "Lala, don girman Allah, bari a yi biki tukuna."

"Ai saboda bikin nake sauri, sakarai! In fasa musu ƙwai da harbi ɗaya, in kuma harbo bunsurun dutse a soya, su san sun haɗa jini da manya."

Usta Lawang maƙerin bindiga yana zaune a kusurwa. Mutum ne da tun daga kakansa ƙarfen bindiga suke sarrafawa. Ya ajiye kofinsa ya ce, "In dole sai an taɓa ta, Samandar, kawo mini shago in duba."

"Usta, kai kwaikwayo ka iya. A ba ka ta Bature ka ƙera irinta har da tambari. Ni sabon abu zan fitar."

"Allah ya sa ka fitar da shi ta inda babu mutane," in ji Usta.

Washegari da hantsi na ji kukan zarto daga gidan Samandar, na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Na tarar ya ɗaure bindigar a jikin gadon igiya, ya riga ya datse mata baki. Yankan ya karkace. Ya ce ba komai, zai daidaita, ya sake yanka. Ya karkace ta ɗaya gefen. Ya ce zarton ne ɗan banza, ya aika aka aro wani. Kafin la'asar bindigar kakanmu ta rasa taƙi ɗaya da rabi, kuma har yanzu bakinta a murguɗe yake kamar na mai jin haushi.

Na ce, "Lala, ina ɗan ƙarfen nan na baki, wanda ake saiti da shi?"

Matarsa Bakhtawara ta amsa daga madafa. "Yana nan jikin guntun da ya yar. Na samu abin hura wuta, wallahi shekara talatin da aurenmu yau ne ya ƙera abu mai amfani."

"Rabu da ita," in ji Samandar. "Mai tabarau ina ruwansa da ɗan ƙarfe?"

Kwana na biyu ya koma kan katako. Ya ɓare na saman ya zubar, ya hau gindin da magagari, yana kankara yana waƙar direbobi. Ya ce so yake ta yi siririn ƙugu. Ta yi ƙugu kuwa, har ta tsage. Ya naɗe tsagar da wayar tagulla ya ce daman a tsarinsa akwai tagulla.

Kwana na uku ya ɓace da ita. Ashe Kohat ya kai ta, wurin masu fentin gingimari. Ranar da ya dawo ya kware zanen da ya naɗe ta, wallahi sai da liman ya yi salati. Ɗawisu biyu a gindi, ɗaya na kallon ɗaya. Idon mace mai kwalli a kowane gefe. Ƙananan madubai jere tun daga sakata har baki. A ƙasa kuma sarƙoƙi ne ke reto, kowace da 'yar ƙararrawa, irin waɗanda ake ratayawa a gaban mota. Ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta amsa cas-cas.

Usta Lawang ya zagaya ta sau biyu. "Ina fitilun? Ba za ka sa mata hon ba?"

"Hassada ce ke cinka, Usta. Ka taɓa ganin gingimarin da bai sha ado ba ya isa Karachi lafiya? Ado shi ke kore mugun ido."

"Zai kore har da naman dajin."

Tabarau kuwa, na hangen nesa ne mai ido biyu da ya saya wurin 'yan gwanjo. Ya raba shi biyu da zarto, ya kai wa mai waldar salansa ya liƙa rabin a kan bindigar. Na leƙa. Dutsen ya matso kusa, gaskiya ne, amma ya yi fari fat kamar an zuba masa nono, kuma ya kwanta ta gefe ɗaya.

Aka fita gwaji bayan gari, duk hujra ta biyo mu ban da Usta, wanda ya ce shi zai koma gidansa inda ya fi aminci. Samandar ya ɗora gwangwanin man gyaɗa a kan katanga, ya ja da baya taku hamsin, ya murza gashin baki, ya ja kunama.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Wuta ta fito daga guntun bakin nan kamar an buɗe tanderu. Karnukan gari suka ɗauka gaba ɗaya. Gwangwani dai yana nan zaune abinsa. Can sai muka ji ihu daga hagu, nesa, ga Usta Lawang ya taho a jiƙe sharkaf, rawani na ɗiga. Harsashin ya huda tankin ruwan da ke kan soronsa, shi kuma yana zaune daidai ƙarƙashi.

"Samandar! Cewa na yi ka kawo mini bindigar, ban ce ka aiko mini da harsashin ba!"

"Ka ga ƙarfi ko? Daga nan har gidanka! Ta dā za ta iya?"

"Ta dā gwangwanin za ta samu, ɗan banza!"

Samandar ya ce abin lissafi ne kawai, ta fi son hagu, don haka zai riƙa saita dama da tsawon jaki uku. Ya auna jakunansa a iska, ya sake harbi. Wannan karon ta zaɓi dama. Muka ji fashewar tulu daga gidan Samandar, sai muryar Bakhtawara ta tsallako katanga: "Ku faɗa wa gwanin naku in ni yake nema ina madafa, ya daina wahalar da tuluna!"

Duk da haka da sassafe ya saɓa ta ya hau dutse neman bunsurun biki. Makiyaya suka ce tun yana rafi makwarwa suka tashi daga kwarin baki ɗaya. Da azahar sai ga shi yana saukowa, cas-cas, cas-cas, bayansa awakin gari kusan arba'in a jere. Sun ji ƙararrawa sun ɗauka jagoran garke ne, suka bar kiwo suka biyo shi har ƙofar gida, masu su na biye da sanduna suna zagi.

Ya tsaya a tsakiyar gari yana haki, ya ce, "Bunsuru ɗaya na fita nema, na dawo da arba'in, kuma da ransu. A nuna mini maharbin da ya taɓa haka."

Ni dai dariya ta ƙare mini. Na ɗauki bindigar na kai wa Usta a ɓoye. Ya leƙa cikin bakin, ya girgiza ta, ta yi masa cas-cas, ya miƙo mini. Ya ce, "Redi Gul, mara lafiya ake kawo mini. Wannan wanka take jira." Na ce ya ara mana tasa mu ce tamu ce. Ya ce mutanen Tudu sun fi sanin bindigarmu da fuskokinmu. Na koma na roƙi Samandar ya kwanta ciwo ranar biki, ko zazzaɓi ne, ko ciwon ciki, ni zan ba da shaida. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, kar ka ji tsoro. Na gano halinta yanzu. Mace ce, sai da lallashi."

Ranar biki muka hau Tudu da ganga da algaita, doli a gaba an lulluɓe shi da jan zane, Baryal a bayansa cikin farin kaya. Mutanen Tudu sun cika bakin rafi maƙil, mata a kan soraye, ƙamshin shinkafa da naman rago na dukan hanci. Ga ƙwan can a kan dutse, fari ƙal, ɗan mitsitsi. Malik Zargul yana zaune a kan gado, fuskar nan a murtuke. An ce tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya ga haƙoransa.

Samandar ya fito tsakiyar fili ya kware zane.

Rana ta bugi madubai, haske ya watsu a fuskokin mutane. Malik Zargul ya kare ido da hannu ya ce, "Redi Gul, mene ne wannan? Amarya kuka kawo mana musaya?"

Kafin in buɗe baki Samandar ya ce, "Malik, ka sa a fara zuba shinkafa. Kafin ta kai faranti na gama."

Ya durƙusa, ya manna idon dama a tabarau, ya harba. Bindigar ta yi tsalle, tabarau ya naushe shi a ido ƙum. Mai algaita ya haɗiye busarsa. Alfadarin da ke ɗauke da alewar biki ya tsinke igiya ya yanki daji da ita. Samandar ya miƙe, ido ya fara tasowa, ya ce wannan gaisuwa ce, ba a ƙirga ta.

"An ƙirga," in ji Malik. "Ɗaya."

Ya koma da idon hagu. Na biyu ya tayar da ƙura a wani tsauni can daban, wanda ko sunansa ban sani ba. Wani ɗan Tudu ya ɗaga murya: "Lala Samandar, ƙwan a ƙasarmu yake! Kar ka jawo mana yaƙi da Afghanistan!" Tabarau kuma bai bar idon hagun ba, ya ba shi rabonsa shi ma.

Na uku ya karya reshen bishiyar da dattawan Tudu ke zaune ƙarƙashinta, ganye da busassun ƙirare suka zubo musu a rawani. Daga nan taro ya fara watsewa. Da farko mutane suka koma bayansa, sai suka ga nan ma ba tabbas. Wani tsoho ya tattara tabarmarsa ya ce shi tsallake rafi zai yi ya zauna kusa da ƙwan, nan ne kaɗai wurin da ya ga babu haɗari.

Bayan na huɗu sakata ta ƙi motsi, fenti ya narke ya liƙe ta. Samandar ya kafa gindin bindigar a ƙasa yana dukan sakatar da diddige, ƙararrawa na kaɗawa, masu ganga suka ga abin ya yi daidai da kiɗa suka bi shi. Mata a kan soraye suka saki guɗa. Ni kuwa ina tsaye kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na biyar ya sami murfin tukunyar shinkafa, ta yi ƙara ƙwaaan har sau biyu dutse ya maimaita, mai dafuwa ya jefar da ludayi ya faɗa bayan buhuna. Na shida, walda ta saki, tabarau ya yi sama yana juyi ya faɗa rafi. Samandar ya ce alhamdu lillahi, daman shi ke hana shi gani.

Gani kuwa? Idanu biyu sun kumbura sun rufe ruf. Ya ce, "Redi Gul, juya ni ta wajen ƙwan." Na kama kafaɗunsa na juya shi. Na waiwaya na ga Baryal ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe. Yaron nan shekara biyu yana jiran ranar nan, shi ya gina ɗakinsa da hannunsa.

Na bakwai ya tashi. Ƙasa ta fashe taku goma a gabanmu, ta watsa mana tsakuwa. Ƙura ta lafa, ƙwan yana nan kan dutsensa.

Wata tsohuwa ta tsallaka rafi a hankali ta ɗauko shi, ta zo ta danƙa wa Samandar a hannu. Ta ce, "Ungo, ɗana. A dafa maka ka gasa ido."

Tudu ta fashe da dariya. Mu kuwa muka juya ba wanda ya kalli wani, samarinmu suka sunkuya za su ɗaga doli wayam. Har an fara rera mana waƙar rakiya sai aka ji wani irin sauti daga gado, kamar ana yanka rago da wuƙa mara kaifi. Malik Zargul ne. Rawani ya faɗi, ya riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa, yana dukan gado da tafi. 'Ya'yansa suka tsaya suna kallonsa a tsorace, ba su san haka dariyarsa take ba.

Da ƙyar ya samu numfashi. "Redi Gul, tsaya. Ku ajiye dolin. Al'ada ta ce sai baɗi, amma ni ne uban yarinya. Ka bar mini abin nan in rataye a hujrata, inda duk baƙon da ya zo zai gani, ya tambaya, a ba shi labari. Ka bar ta har abada, ku tafi da Wagma yau."

Dattawanmu suka yi caa. Bindigar kakanmu a bangon mutanen Tudu, ana nuna ta ana dariya har jikokin jikoki? Wani ya ja rigata ya ce mu tafi, baɗi ba nisa. Ni ma jinina ya tafasa. Da bindigar nan babana ya koya mini saiti, hannunsa a kan nawa. Ko da ɗawisu a jikinta, tamu ce. Sai na dubi Baryal. Bai ko ɗago ba, kafaɗunsa kawai na gani.

Na zare ta daga hannun Samandar, na taka har gaban gado na ajiye. Wallahi ji na yi kamar na sake binne babana.

"Me ya faru?" in ji Samandar, yana lalube da ƙwai a hannu. Aka faɗa masa. Ya buga ƙirji. "Kun ji ko? Ina Usta Lawang? Shekara hamsin kana ƙira, wa ya taɓa ba da 'yarsa don aikin hannunka? Mai ido shi ya san kaya!"

"Shi ya sa ta rufe naka," in ji Usta.

Muka ci shinkafa mai huda a murfi, aka fito da amarya a lulluɓe aka sa ta a doli, muka kama gangara. Ina tafe a gefe, ina jan Samandar da hannu kamar makaho, ban iya ɗaga kai ba. Tun kafin mu kai rafi dolin ya fara girgiza. Daga cikin jan zanen ana jin shessheƙa, tana tsayawa tana dawowa, har masu ɗauka na gyara kafaɗa. Matanmu suka ji daɗi ƙwarai. Suna cewa, "Allah sarki, 'yar mutunci! An daɗe ba a ga amaryar da ta yi kukan rabuwa da gida haka ba."

Ni 'ya'ya mata uku na aurar, na san kukan amarya. Wannan yarinya gefen mayafi ta cusa a baki, tana neman shiɗewa don dariya.

Samandar ya karkata kunne ya matse hannuna. "Ka ji ta, ƙanena? Tsoro ne. Ta ga irin mazan da za ta zauna a cikinsu."

Dolin ya yi wata irin girgiza har ya kusa kifewa. Nan ni ma dariya ta ƙwace mini, na tsuguna a tsakiyar hanya na rufe fuska da gefen rawani, kafaɗuna na rawa. Mata suka ce, "Ku dubi Redi Gul, shi ma ya kama kuka." Ban musa musu ba, don nawa rabi da rabi ne.